Lamba ta Uku

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Kakata ce ta yaye ni ta riƙe ni, a gida ɗaya, zana ce kawai tsakanin ɗakinta da na Inna. In Inna tana son a ba ni tuwo sai ta ce da ƙanena, "Kai ma wancan." Da na zama malamin makaranta a Bagudo sai na samu ƙarin girma, na tashi daga wancan na koma "malaminku". Jinin Fulani gare ta ta wajen uwa, kunyar ɗan fari kuwa ba wadda ta kai ta riƙe ta a ƙauyenmu. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Haka na taso na ga ana yi, kuma in an yanka kaza cinyar takan biyo hanya ta same ni ba tare da an ce daga ina ta fito ba.

Ƙauyenmu yana can wajen iyakar Benin, inda wayarka kan wayi gari da saƙon Faransanci tana yi maka barka da zuwa ƙasar da ba ka je ba. Inna tana zaune da ƙanena da matarsa. Autarmu tana aure a wata unguwa, tafiyar ƙafa kaɗan. Da girma ya zo wa Inna sai ya zo da hawan jini da jiri. Matsalar ita ce lokacin aikin shinkafa gidan yakan zama kango tun daga hantsi, kowa ya gangara fadamar kogin Kwara, a bar ta da kaji da 'yar rediyonta.

Faɗuwarta ta farko a bakin randa ta yi ta, Allah ya sa matar ƙanena tana gida. Na ce ta dawo wurina a Bagudo, kusa da asibiti. Ta aiko Auta ta gaya mini cewa ita ba ta ga abin da ya kore ta daga ɗakinta ba. Na yi ta faɗa ni kaɗai a kan mashin har na iso gida, don ni ba a san ni da haƙuri ba, ɗalibaina shaida ne.

Wani abokin aikina ne ya nuna mini abin da ya saya wa mahaifinsa. 'Yar na'ura ce da ba ta fi kwalin ashana ba, da igiyar ratayawa a wuya, da jan madanni guda a tsakiya. Layin waya ake sa mata. In tsoho ya faɗi ko ya ji jikinsa ba daidai ba, ya danna, sai ta kira lambar da aka ajiye a ciki, a yi magana ta nan. Na sa aka kawo mini irinta. Na zauna na sa lambata ni kaɗai, ina jin kaina wani babban mai dabara.

Ranar da na kai mata, muna zaune a tsakar gida, tsakanina da ita bai fi taku uku ba, amma duk tambayar da za ta yi sai ta bi ta kan Auta.

"Tambaye shi, layar ga tana jin duk abin da ni ka hwaɗi?"

Auta ta juyo. "Yaya, wai tana ji?"

Na ce ba ta jin komai sai an danna.

"In na zo alwala hwa? Ko wanka?"

Na ce ruwa ba ya yi mata komai, kuma wurin wankan ne ma aka fi so ta kasance da ita, don can ne santsi yake. Inna ta ja tsaki a hankali, alamar na yi maganar da ba ta dace da bakina ba. Ƙanena ya tambayi caji, na ce duk kwana biyu ya haɗa ta da solarsa. Ya ce in sabis ya tsallaka ƙetare fa? Muka zagaya gidan da ita, ɗaki, madafa, bayan gida, gindin mangwaro, muna dannawa wayata tana ƙara. A kusurwar turken awaki kawai ta ƙi. Na ce to Inna ta bar wa jikoki awakin.

Sai na miƙa wa Auta ita ta rataya mata, na ce da ƙarfi don ta ji: "Da an danna, wayata ce za ta yi ƙara. Ko ina cikin aji zan taso." Inna ta gyara mayafinta, ta dubi ƙasa, ba ta ce uffan ba. Na ɗauki shirun nan a matsayin yarda.

Bayan kamar wata biyu, ranar wata Talata da azahar, ƙanena ya kira ni. Sun dawo daga fadama sun tarar da Inna kwance a bayan ɗakinta, rana ta gasa ta, leɓɓanta sun bushe. Tun hantsi ta faɗi, ƙugunta ya ƙi ɗaukarta. Na'urar tana wuyanta, cajinta a cike, hannunta na dama lafiya lau.

A asibitin Bagudo na same su, an sa mata ƙarin ruwa. Tsoro ne ya cika ni, amma da na buɗe baki sai ya fito a faɗa. Na ce me aka saya abin don shi? Ado ne? Na ce da ta mutu a bayan ɗaki da abin kira a ƙirjinta, me zan gaya wa mutane, me zan gaya wa kaina? Inna ta juya fuskarta ga bango. Auta ta kama hannun rigata ta ja ni waje.

"Yaya, wa abin ga ka kira?"

"Ni mana."

"To. Kai da kanka ka hwaɗa."

Ta ce Inna ta gaya mata ta riƙe madannin a hannu har sau uku. Tana kwance zaninta ya kwance, kuma wanda za ta kira ya zo ya ɗaga ta shi ne ɗanta na fari. Sai ta saki, ta ce bari ta jira 'yan fadama.

Na zauna a kan benci. Shekara hamsin ina ɗanta, na san ba ta kiran sunana, na san ba ta miƙo mini ko kofin ruwa hannu da hannu, amma na ɗauko abu na rataya mata na ce ta kira ni tana kwance a ƙasa. Wautar tawa ce. Duk da haka ba zan ɓoye ba, na ji ciwo. A ranar ne karo na farko da kunyar nan ta yi mini zafi, da na ga ta fi son ta kwanta rabin yini a rana da ta neme ni.

Da aka sallame ta, na ce a cire lambata gaba ɗaya, cikin fushi na faɗa. Auta ba ta biye mini ba. Ashe na'urar tana ɗaukar lamba uku, in ta farko ba ta shiga ba ta wuce ta biyu, haka har ta uku. Ta sa tata a farko, ta ƙanena a biyu, tawa a ƙarshe. Ta kuma zauna ta yi wa Inna bayani ina tsaye a ƙofar ɗaki.

"In taki ba ta shiga ba hwa?" in ji Inna.

"Sai ta tahi ga ta biyu."

"In ita ma ba ta shiga ba?"

"Sai ta malaminmu. Amma in ba ki so, ki ƙara dannawa, sai ta tsaya."

Inna ta sa Auta ta nuna mata yadda ake tsayar da ita har sau biyu. Na juya na hau mashin ɗina ban yi sallama ba.

Daga nan abin ya zauna daidai. Ta kira Auta ranar da jiri ya kama ta a madafa, ta kira ta ranar da ƙwayar maganinta ta ƙare, har ranar da akuya ta shiga rumbu ta kira ta. Ni dai labari nake ji. Na ce ba komai, ai lafiyarta ake nema, amma duk sanda aka ba ni labarin sai na sauya zance.

Lokacin kaka ya zagayo. Wata ranar Alhamis Auta ta tsallaka ƙetare bikin dangin mijinta, wayarta ta koma sabis ɗin can. Ƙanena yana tsakiyar yankan shinkafa, wayarsa tana aljihun rigar da ya rataye a bishiya. Ni ina aji, ina tsaka da yi wa wani yaro faɗa a kan lissafin sau bakwai, sai wayata ta yi ƙara. Na duba, lambar na'urar ce.

Na fita da gudu na ɗauka. Ba a yi magana ba, sai numfashi mai nauyi da kukan kaji a nesa. Na san ta ji kiran farko ya ƙare, ta ji na biyu ya ƙare, kuma yatsanta yana kan madannin. Ta san yadda ake tsayarwa.

"Inna?"

Shiru. Har na fara tsoron ko ta suma.

"Kai na?"

"Ni na, Inna."

"To, taho."

Ban san yadda na ci hanyar nan ba, hawaye suna hana ni ganin ramuka. A hanya na kira maƙwabciyar Inna ta riga ni shiga. Na tarar ta jingina Inna da bango ta rufa mata zane, ƙafar hagu ta yi nauyi, amma idonta biyu. Ni na ɗauke ta da hannuna na sa a motar da muka samu, ba ta hana ba. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya bambanta.

Da la'asar ta farfaɗo sosai. Ina zaune a gefen gadon, rigata duk ƙasa. Ta dube ni sau ɗaya, ta kawar da kai ga bango, ta ce da maƙwabciyar:

"Ku ba wancan ruwa. Ya sha rana."