Injin Kawu da Kifin Makango

Har yau mutanen gidanmu a Salaga suna cewa injin Kawu Sulley ne ya kama ɓarawon kifi. Ba haka ba ne. Injin bai taɓa kama kowa ba, ni na kama ɓarawon, kuma na gaji da maimaitawa.

A daminar 1997 Kawu ya dawo daga Jamus da tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya. Ya ɗora ta kan tebur a ɗakinsa na bakin zaure, ya rufa mata farin zane. Wasa ɗaya ne a cikinta: an sace sarƙa a gidan wani Bature, kai ne ɗan sanda, kana shiga ɗaki-ɗaki kana buɗe durowa, kana tambayar kuku da direba inda suke lokacin satar, har maganar wani ta ci karo da ta wani. Da na gama ɗebo ruwa a rijiya da feraye doyar sakwara, sai in ruga can hannuna ko bushewa bai yi ba. Ni ke karanta Turancin, yaran gida na bayana suna ihun a kama kuku, don kawai yana da gashin baki. In wuta ta ɗauke mu fita tsakar gida mu ci gaba da gardama. Matan gida kuwa suna leƙowa ta taga, suka sa wa injin suna bokan Jamus.

A lokacin ne bandar kifin da kakata Hajiya ke sarowa daga garin Makango ta fara raguwa a kwandon da take ratayewa a rufin kicin. Nan take ido ya koma kan Anti Lamisi, 'yar haya daga Bawku mai sayar da wake da shinkafa, don ita ke riga kowa shiga kicin, kuma ba ta da dangi a garin. Hajiya ta ce ta kwashe kayanta kafin Juma'a. Na ga Anti Lamisi tana ɗaure tukwanenta a zane.

Sai Hajiya ta kira ni. "Ke Fati, je ki tambayi bokan kawunki, don kada in ɗauki alhaki."

Na ce, "Hajiya, ba ya duba. Tambaya kawai ake yi a cikinsa."

"To uwar iyayi, ki yi tambayar mana."

Na yi yadda wasan ya koya mini. Na tsaya ƙarƙashin kwandon na ga ko Anti Lamisi ta miƙe hannu ba za ta kai ba, turmin da za ta taka kuma yana ɗakin Hajiya a kulle. Na tambayi kowa yaushe ya ga kifin a cike, na gane da rana yake raguwa, lokacin da mata ke kasuwa, Anti Lamisi na bakin tasha da tukunyarta. Dogo nake nema, wanda ke wuni a gida. Amma duk da tsayinsa raina bai kawo Kawu ba, domin tun da ya dawo yake cewa cikinsa ya manta abincinmu, burodi da shayi kawai yake ci, da cokali ma yake taɓa sakwara. Sai da na zauna gaban injin da yamma na ji yatsuna suna santsi a kan maɓallan. Na shinshina. Ƙarnin kifi. Na ɗaga farin zanen, ga ƙaya a ƙasan tebur da kwanon garin rogo jiƙaƙƙe.

Na ɗauki kwanon na kai tsakar gida gaban kowa. Hajiya ta dube shi, ta dubi Kawu, ta ce, "Bature, ashe cikin ya tuna hanya?" Matan suka yi dariya har wata ta zauna a ƙasa. Kawu ya hana ni taɓa injin wata guda. Anti Lamisi ta kwance tukwanenta, Hajiya ta aika mata da manyan kifi biyu, wanda a wurinta shi ne ban haƙuri. Kafin magariba unguwarmu ta zango duka ta ji cewa bokan Jamus ya tona asirin maigidansa.

Yanzu irin wasannin nan sun cika wayata, amma abin da za ka nema sai ya riƙa ƙyalli yana kiranka, ba wanda ke tsaye bayana yana rantsuwa kuku ne. Injin ya mutu tuntuni, Hajiya ta rasu, Kawu na cin kifinsa a fili. Anti Lamisi na nan a ɗakinta na haya, ta tsufa, duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin injin da ya wanke ta. Wannan Sallar zan je Salaga. In ta fara, ba zan gyara mata ba, zan zauna kusa da ita in ci wake da shinkafata.