Rumbun Ƙasim Bai San Uwaliya Ba

Duk wanda ya ce maka Ƙasim ne ya ɓata idon yarinyar nan ta Gude, ka ce masa ni Naja'atu na ce ƙarya yake yi. In yana da ja, ya zo Gwarzo ya same ni in maimaita masa a gaban jama'a. Ƙasim taubashina ne. Mahaifiyarsa, Gwaggo Marka, ƙanwar mahaifina ce, saboda haka ni ke da lasisin zaginsa, kuma na zage shi tun muna yara har gemu ya fito masa. Amma abin da aka yi masa a asibitin nan ya wuce wasa, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A Kutama aka haife shi, gidan Malam Abdulmuttalib mai makarantar Islamiyya. Malam ya so ya gaje shi, shi ma bai ƙi ba, don ya sauke Alƙur'ani har ya fara littattafai. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ya tafi birni ƙaro karatun boko, a can ya gamu da kwamfuta, ta kama shi kamun kazar kuku. Lokacin ana ta rufe gidajen kallo, don haka a idon mutanenmu duk mai zama gaban allon kwamfuta ɗan fim ne. Ya dawo da takardar shaidarsa a hannu, amma abin da ake kawo masa bai wuce waya a tura mata waƙa ba.

Yakan yi ta bayani har maƙogwaronsa ya bushe. "Abin da kuke gani a fuskar waya rumfa ce kawai. Ni aikina yana can baya, cikin sito, inda ake ajiye kayan."

Ni kuwa in ce masa, "To sannu, sarkin sito. Ka tura min wa'azi dai in ka gama."

Ƙungiyar 'yan gari ta gina wani ƙaramin asibiti tsakanin Kabo da Gude, nan ne Ƙasim ya sami inda zai nuna abin da ya iya. Ya ajiye kwamfuta guda a ɗakin kaya, wadda suke kira saba, ita ce uwar da wayoyin ma'aikata ke tambaya tana ba su amsa. A cikinta ya gina rumbun bayanai, kowane marar lafiya da shafinsa. Ana ba ka kati mai lamba, duk ranar da ka dawo a buga lambar, tarihinka ya fito. Abin da ya fi alfahari da shi shi ne jan rubutu. In akwai maganin da jikinka ba ya karɓa, kafin a ga komai a shafinka sai an ga gargaɗi da ja.

Ya yi wa abin nan bauta. Batirin sola ya mutu ana tsakiyar rubutu, rumbu ya hargitse, sai ya hau babur daga Gwarzo ya je ya maido da shi daga kwafin da yake ajiyewa. Wani ma'aikaci ya manta kalmar sirrinsa, maimakon ya faɗi gaskiya sai ya bugo waya ya ce saba ta mutu. Akwai ranar da ya sha rana har Kabo, ya tarar wani ne ya zare wayar saba ya jona fanka. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ni ce nake yi masa faɗan a gida.

Sai aka shiga shekarar da shinkafa ta fi ƙarfin talaka, kowa na maganar tsuke bakin aljihu. Shugaban kwamitin asibitin, Alhaji Datti, ya duba sama ya duba ƙasa, bai ga abin da zai yanke ba sai buga kati.

Ƙasim ya durƙusa ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri a bar katin nan. Lambar ita ce igiyar da ta ɗaure mutum da bayanansa."

Alhaji ya ce, "Kai ɗan Malam, mutanen ba su da suna ne? A riƙa nemansu da suna."

A watan da aka daina buga kati aka yi wa ƙofar asibitin sabon fenti, saboda za a yi baƙi. Ni da idona na ga fentin, kore shar.

Ba a jima ba ƙorafi ya fara. Nuriyya, wadda ke zama a tagar rajista, ta ce masa, "Malam Ƙasim, na'urarka fa tana cinye yara. Uwa za ta rantse ta taɓa kawo ɗanta, in duba in rasa shi, sai dai in buɗe masa sabon shafi."

Ƙasim ya duƙufa. Saba tana rubuta wa kanta duk abin da ya faru a cikinta, ya bi wannan layi-layi bai ga inda aka goge ko da mutum ɗaya ba. Abin mamaki ma, rumbun ƙara kumbura yake yi, har shafi ya fara jan ƙafa kafin ya buɗe. Ya zaci Nuriyya ce ke danna maɓallin ajiya sau biyu in netwok ya yi nauyi, ya toshe wannan ƙofar, matsala ba ta tafi ba. Ya zargi faifan ajiya, ya sauya shi. Ya rushe tsarin bincike ya sake rubuta shi daga tushe. Ya lura manya ba sa ɓata, yara ne kawai, amma ya rasa abin da ya haɗa na'ura da yara. Har ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Na ce masa ko dai aljanu ne suka tare a sito, bai ko yi murmushi ba.

Ana cikin haka abin ya faru. Wani manomi a Gude, Ja'afaru, yana da 'yar ƙaramar yarinya. Tun zamanin kati shi da kansa ya taɓa kai ta asibitin, aka ba ta wani magani, jikinta ya yi ƙuraje, aka sa mata jan rubutu a gabansa. Da damina yarinyar ta kamu da zazzaɓi da tari, shi yana gona, sai uwar, Hajaratu, ta goyo ta ta kawo. Katin ya daɗe da yagewa, ba a kuma ba da sabo. Jan rubutu bai fito ba, aka ba ta maganin nan dai. Cikin kwanaki fatarta ta fara saɓulewa, baki ya ƙi ci, idanu suka rufe. Aka garzaya da ita Kano. Allah ya yi da sauran kwana ta rayu, amma ido ɗaya ya tafi.

Kafin yarinya ta dawo gida an riga an yanke hukunci a bakin kasuwa: kwamfutar ɗan Malam ta goge gargaɗi, ta makantar da 'yar mutane. Kwamiti ya sa ranar zama bayan Juma'a. Kowa ya san abin da za a yi, za a kori Ƙasim ne a liƙa masa idon yarinya a wuya.

Ƙasim ya tambayi sunan da uban ya ba da tun farko, aka ce Fatimatuz Zahra. Ya buga, shafi ya fito, ga jan rubutu nan daram, ba abin da ya taɓa shi, sai dai babu alamar an kawo ta da damina. Sai ya duba waɗanda aka ba maganin a ranar. Ya ga sabon shafi fari fat, an rubuta Uwaliya Ja'afaru.

Washegari bai shiga ɗakin saba ba. Benci ya samu kusa da tagar Nuriyya ya zauna tun safe yana saurare. Wata mata ta zo da yaro, aka ce yaya sunansa, sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, ta dubi ta kusa da ita ko za ta faɗa mata. Da ta ga ba wanda ya sani, a hankali ta ce, "Maikuɗi." Wata kuma ta ce sunan nata Abba. Nuriyya ta duba ta rasa, ta buɗe musu sabbin shafuka.

Shi ke nan, babu aljani babu faifai. Matanmu ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa kuma faɗin sunan yaron da ya ci sunan suruki ko suruka, sai dai lakabi. Yarinyar Ja'afaru sunan mahaifiyarsa ta ci. Hajaratu ba za ta tsaya a gaban taga, cikin mutane, ta kira sunan uwar mijinta gatsal ba, sai ta faɗi wanda take kiranta da shi a gida. Zamanin kati ba wadda ta taɓa buɗe baki, miƙa kati kawai ake yi.

Ya biyo ta gidana ya faɗa min. Na ce, "Alhamdu lillahi! Ka buga shafukan biyu a takarda, ka ajiye su a gaban Alhaji Datti, ka tambaye shi wa ya hana kati." Ya buga su kuwa, na ga lokacin da ya ninke ya sa a aljihu.

Ranar zama na je, na zauna cikin mata a baya. Hajaratu na gefena da yarinyar a cinya, an rufe idon da auduga. Ta rame ta zama abin tausayi, ba ta ma san cewa maganar bakinta na cikin lamarin ba. Ja'afaru kuwa ya kasa zama, sai huci yake yi. Ya ce, "Wallahi duk wanda ya jawo wa 'yata wannan, ko wane ne, ko a cikin gidana yake, ni da shi har abada."

Alhaji Datti ya gyara babbar riga ya yi dogon jawabi a kan amana da tsoron Allah, da yadda tun farko shi bai yarda da kayan nasara ba. Mutumin da ya sa aka ɗauke shi hoto a jikin saba ranar buɗewa! Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Sannan ya juya ya ce, "Ɗan Malam, tambaya ɗaya ce. Na'urarka ta nuna gargaɗin ko ba ta nuna ba?"

Ƙasim ya ce, "Ba ta nuna ba, Alhaji."

"Me ya hana?"

Na ga hannunsa ya tafi aljihu. Ya dubi Ja'afaru, ya waiwayo ya dubi inda muke. Babu yadda za a yi ya kai ga maganar kati ba tare da ya bi ta kan sunan da Hajaratu ta ba da ba, kuma duk wanda ya ji rantsuwar Ja'afaru ya san ba za ta kwana a ɗakinta ba. Sai ya zare hannun babu komai a ciki.

Ya ce, "Ginin da na yi ne bai cika ba."

Na miƙe tsaye na ce, "Alhaji, an bar jaki ana dukan taiki! Ku tambaye shi abin da ke aljihunsa."

Ƙasim ya ce, "Naja'atu, don girman Allah zauna." Tunda muke bai taɓa yi min magana da wannan muryar ba, sai na ga na zauna.

Aka sallame shi a take. Aka ce a kashe saba a koma fayil na takarda. Ja'afaru ya tofar da yawu a gabansa ya wuce. Abu ɗaya Ƙasim ya roƙa, ya ce kowane fayil a ba shi lamba, a ba mai shi kati. Alhaji Datti ya ce ai wannan dole ne, ta yaya za a nemo fayil babu kati? Nan take ya ba da umarnin a buga. Na rantse da a ce akwai dutse kusa da ni a lokacin, da yau wani labarin ake yi.

A bakin titi, yana ƙoƙarin tayar da babur, na sauke masa kwandon masifa. Na ce masa wawa, na ce masa bawan banza wanda bai san ciwon kansa ba. Na ce shekarun da ya kashe a kan abin nan sun tafi a iska, ba asibitin da zai ƙara ba shi aiki daga nan har Ƙaraye, ya ɗauki laifin Alhaji Datti ya ɗora wa kansa ya kuma yi ƙarya a gaban mutane.

Ya bari sai da na gaji, sannan ya ce, "Laifin Alhaji na nan, Allah ya sani. Amma ban yi ƙarya ba. Gurbin suna ɗaya na yi wa kowane mutum, kuma da aka hana kati ban ƙara ba."

Na ce, "To kai ka san gaibu ne? Ina za ka san wata za ta ce Uwaliya?"

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Naja'atu, ni ne ɗan farin Inna. Tunda kike, kin taɓa jin ta kira sunana?"

Gwaggo Marka "wancan" take ce masa, in ta ji daɗi ta ce "mai babur".

Ya ce, "Da ita ce ta goyo ni zuwa tagar nan, da ni ma ba a same ni ba."