Na Je Ajingi Kallon Ɗan Farina

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Balan, ni da ƙanwata. Ɗana na fari ne ya aiko. Ya daɗe yana waƙar biki, yana kuma koya wa 'yan firamare waƙa a Gaya, sai ga shi masu shirya fim sun ɗauke shi. Ya ce in zo Ajingi in gani da idona. In ban yarda ba, zai ajiye ya koma aji.

A tashar Gaya mun fi awa guda muna jiran bas ta cika. Muka sayi ƙosai, ƙanwata tana ta mita wai an rage masa girma, amma ita ta cinye rabona. Hanya kuwa gyaɗa ce dama da hagu, an tuge an shanya. Sau uku direba yana tsayawa ɗaukar buhu, har akuya aka ajiye mana a ƙafa.

Mun same su a wani gida bayan kasuwa. Ashe abin da muke kallo minti biyu, sai an maimaita shi sau goma. Shi ya fito a malamin da aka kora daga aiki, ya dawo yana gaya wa uwarsa. Wata mata ce uwar, ni ina gefe a kan tabarma. Da ya durƙusa muryarsa ta karye, sai na ji idona ya cika. Ƙanwata kuwa ta manta wasa ne, ta ce, "Kai, wa ya kore ka?" Aka tsayar da aiki, kowa yana dariya.

Da aka tashi ya zo ya tsuguna. "Inna, yaya kika gani?"

Kun san mu da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, balle in yabe shi a gaban mutane. Na juya wajen ƙanwata.

"Gaya wa wannan, matar nan ba ta iya ba. Uwa ba ta ƙura wa ɗanta ido haka. Ya gyara mata kafin wasa na gaba."

"Na gaba, Inna?"

"Ni ba da kai nake ba."

Ya rufe fuska da hula.

La'asar ta yi mana a gida. Na tafi da tsoron an raba shi da koyarwa, na dawo na san ajin ne kawai ya ƙara faɗi. Allah ya yi masa albarka. Wannan dai a takarda na iya faɗa.