Gaisuwar Ɗan Garwa

Akwai abin da na yi wa Goggo wanda har yau idan na tuna shi ina cikin cin abinci, sai in tsame hannuna. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni a Yola tun ina ɗan shekara huɗu, Bafulatana mai fulako na gaske. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta kuma taɓa yabona ba. Da na girma na buɗe shagon gyaran rediyo a Jimeta, wajen Rumde, lokacin muna Jihar Arewa Maso Gabas. Mutane na cewa hannuna na da albarka. Ita kuwa in an tambaye ta sana'ata sai ta ce, "Yana can yana taɓe-taɓensa." Ni kuma ba abin da nake so a duniya kamar in ji ta ce aikina ya yi kyau, ko sau ɗaya.

In babu aiki a shago, ina da wata sha'awa tawa ta daban. Na ƙera mutum-mutumi da garwar kananzir, kansa babban gwangwanin madara, tsayinsa bai wuce na ɗan shekara biyar ba. Na sa masa injin goge gilashi da na ciro daga wata matacciyar mota. Abu ɗaya ya iya, ya rusuna ya miƙe. Sai dai akwai doguwar waya a bayansa, ni ke riƙe da ƙarshenta. Wata rana telan da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo ya ce, "Maigida, ko akuya ka ɗaura wa igiya ai za ta bi ka." Ya yi dariyarsa ya koma kan kekensa. Ni kuwa mutum ne da ba ya haɗiye raini, a ranar na rantse sai na raba ɗan garwa da wayarsa.

Wata uku na yi ina fama. Dabarar a wani tsohon littafi na gan ta, wanda wani malamin makaranta ya ara mini. Na goge ƙusa da magagari har na tara garin ƙarfe, na zuba shi a ɗan bututun gilashi tsakanin ƙusoshi biyu, na sa a cikin garwar. A hannuna kuma akwai ɗan akwatin katako mai batir da koyil ɗin mota, wato naɗin wayar da ke ba fulogi wuta. In na danna, tartsatsi ya tashi a akwatin, sai garin ƙarfen nan ya manne daga nesa, wuta ta wuce, inji ya juya. Na kuma sa ɗan guduman ƙararrawa yana ƙwanƙwasa bututun don garin ya warwatse ya jira danni na gaba. Da farko duk babur ɗin da ya wuce ƙofar shago sai ɗan garwa ya rusuna masa kamar ya ga alƙali, don tartsatsin fulogi ma yana ji. Sai da na rage tsawon eriyarsa ya daina gaida kowa da kowa. Daga taku ashirin yana jin umarnina, ba waya ba zare. Telan da kansa ya ɗinka masa 'yar riga da hula, don ya wanke bakinsa.

Kowace Juma'a bayan masallaci nakan je Yola gaida Goggo. Wannan karon na naɗe ɗan garwa a buhu na shiga motar haya da shi. Na tarar tana ɗaki tana salla, matan gida da maƙwabta uku suna tsakar gida suna ɓarar gyaɗa. Na sa yatsa a baki na ce su yi shiru. Na tsayar da shi gaban tabarmarta, na laɓe bayan rumbu da akwatina. A raina, za ta firgita kaɗan, sannan in fito in nuna mata babu waya, ta riƙe baki.

Ta fito a hankali tana dafa bango, ta zauna. Na danna. Ɗan garwa ya rusuna.

"Jaɓɓama, ɓingel am," in ji ta, wato maraba ɗana. Ta gyara mayafinta. "Yaron wa ne wannan? Ka zo lafiya? Ina mutanen gida?"

Nan take na gane abin da ta daɗe tana ɓoye mana. Idonta ya tafi fiye da yadda kowa ya sani, fulako ne ya hana ta faɗa. Riga da hula kawai take hange. A nan ya kamata in fito, kuma na san ya kamata. Amma matan sun toshe baki da gefen zani, kafaɗunsu na rawa, ni kuma daɗin abin ya hau mini kai. Na danna ya miƙe, na sake dannawa ya rusuna.

"Kai, yaron nan akwai kunya," ta ce. "Ko ido bai ɗaga ba. Ba kamar yaran yanzu ba. Allah ya yi maka albarka, kai da wanda ya haife ka."

Na ƙara sa shi ya rusuna, karo na uku. Ba zan ce Shaiɗan ne ba, babban yatsana ne.

Ta kwance bakin zaninta ta ciro dabino biyu, ta miƙa. Ba a karɓa ba. Ta matso ta kama hannunsa don ta danƙa masa, sai ta ji ƙarfe. Ta shafa sama har kan gwangwanin, hular ta faɗi. A nan wata maƙwabciya ta kasa riƙewa ta fashe da dariya, sauran suka bi ta, har da mai buga cinya.

Goggo ba ta firgita ba. Ta janye hannunta, ta ajiye dabinon a gefen tabarma. Ta bari sai da dariyar ta mutu da kanta, sannan ta ce, "Wa ya kawo shi?"

Na fito daga bayan rumbu. "Ni ne, Goggo. Babu waya a jikinsa, daga nesa nake..."

"Aikinka ya yi kyau," ta ce. Ta tashi tana dafa bango ta koma ɗaki.

Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba, ban kuma ji ba tun daga nan. Na mayar da ɗan garwa buhu na fita. A Jimeta na kwance injin na sa a wata motar, garwar kuwa matata ta mai da ita ta ɗiban ruwa.

Juma'ar da ta biyo na koma da niyyar neman gafara, na shirya kalmomina tun a mota. Na durƙusa gabanta na yi gaisuwa. Ba ta amsa ba. Ta miƙo hannu ta laluba kafaɗata, ta shafa kunnena, ta ji ɗumi, sannan ta ce, "Lafiya lau." Na buɗe baki zan nemi gafara, sai ta tambaye ni ya yara, ta rufe zancen. Shekara shida ta ƙara a duniya, kuma a cikinsu babu mai durƙusa mata, baƙo ko ɗan gida, da ta amsa wa gaisuwa ba ta fara taɓa shi ba. Ni ne nake zuwa kowane mako, don haka ni ta fi taɓawa.