Hayaƙin Barkono Ya Raba Ni Da Kaki

A lokacin ni saurayi ne mai ji da ƙarfi, ina zaune Diffa gidan kawuna manomin tattasai, tun bayan da 'yan bindiga suka kai hari muka gudo daga garinmu Baroua muka bar mahaifina kwance a bakin ruwa ba mu binne shi ba. Burina ɗaya ne, in sa kakin ɗan sanda in ɗauke uwata daga bukkarta a sansanin 'yan gudun hijira na Assaga. Da aka buɗe jarrabawar ɗaukar aiki na wuce kowane mataki, sai na ƙarshe, ganin likitan da ke auna hankali kafin a danƙa wa mutum bindiga. Ya tambaye ni yadda nake barci. Na ce ba na yi. Ana cikin haka iska ta buga ƙofa, sai ga ni ƙarƙashin tebur. Bai yi mini dariya ba. Ya ce firgita ce, tana warkewa, in riƙa zuwa wurinsa, baɗi in sake nema.

Da na faɗa wa kawu, abu ɗaya ya ji, wai likitan mahaukata ya riƙe ɗan ƙanwarsa. Ya ce ba a gidansa ba, iskar kogi ce ta biyo ni. Ya kawo wani mai magani, suka danne ni su huɗu, suka lulluɓe ni da bargo, aka tura kasko da garwashi da busasshen barkono ƙarƙashin bargon. Ina ihu ina roƙonsu da Allah, kawu na cewa: “Ku ƙara, ba shi ke kuka ba, aljanin ne.” Haka suka yi ta yi har na fara tofar da jini. Matar kawu kuwa ta ware mini kwano, yaran unguwa suna buga gwangwani a bayana don su ga na zabura. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

A ɓoye na ci gaba da zuwa wurin likitan, barci ya dawo. Shekara ta zagayo ya ce hankalina lafiya lau. Amma mai duba ƙirji ya saurara, ya girgiza kai, ya ce wannan huhun ba zai ɗauki horo ba har abada. Uwata tana Assaga har yanzu.

Abin da na koya, firgita ba hauka ba ce, kuma tambayar likita ba tozarci ba ce. Iyaye, in ɗanku ya dawo da irin wannan magana, ku zauna ku ji ta har ƙarshe kafin ku hura wuta. Kawu yana nan, yana gaya wa mutane shi ya warkar da ni.