Taku Talatin

A unguwar bayan gada ba kowa ya san sunansa na yanka ba. Baba Turke ake ce masa, domin lokacin da aka zo yanka babban birnin ƙasa, shekara arba'in da biyu ke nan, yana cikin leburorin safiyo masu jan sarƙar awo. Manya su leƙa na'ura su ɗaga hannu, shi kuma ya haƙa rami ya dasa turken siminti mai lamba a ka.

Tarihin birnin ma da turaku yake ba da shi. "Majalisar nan da kuke gani a talabijin," yakan gaya wa masu zama a bencin ƙofar gidansa, "turke na ɗaya na ƙarƙashinta. Da can fadama ce. Kwaɗi suka fara zaman majalisa a wurin, kuma sun fi waɗannan jituwa." Babbar asibitin gwamnati turke na sittin ce, filin jirgi na ɗari biyu. Ƙauye goma sha ɗaya birnin ya haɗiye a kan idonsa, kuma duk hanyar ɗaya ce: a dasa turke, a zo da jan fenti, sannan katafila. "Wani wuri wata uku, wani wuri shekara talatin. Amma tana zuwa. Turke ba ya ƙarya."

Bayan gidansa akwai dogon fili fetal, a bakinsa kuma turke mai lamba ɗari huɗu da bakwai. Duk wanda tsadar haya ta koro daga cikin gari ya zo gini, wurin Baba yake fara zuwa. Shi kuma ya kai shi gaban turken ya ce, "Daga nan zuwa can titin gwamnati ne, ko bulo ɗaya kada ka ajiye. Ta gefena kuwa, yi gininka ka kwanta har da minshari." Da haka gida ashirin da shida suka jeru a layinsa. Tela ne na farko, sai direban tanka, sai sauran. Filin ya zauna ana shanya a kai, ana koyon tuƙi.

Ran wata Talata da hantsi wata farar mota ta tsaya a bakin filin. Wata injiniya ta fito riƙe da sanda mai faifai a samanta, wani lebura mai furfura na biye da ita da bokitin fenti. Ta ɗora sandar a kan turken, ta dubi allon hannunta, ta ɓata rai. Sai ta juya wa filin baya ta nufo gidaje. Baba na zaune yana ƙirga takunta a zuci. Da ta kai ashirin ya tashi ya shige gida.

Matarsa na tsakar gida tana wanki kusa da rijiya.

"Tsohuwa, 'yan safiyo sun dawo."

"Na ji motarsu. Ka zauna mana."

"Akwai maganar da ban taɓa gaya miki ba. Ranar da muka zo awon nan, babu kowa sai bukkar mahaifiyarki, ita kuma ba ta iya tashi. Shugabanmu ya kafa ɗan itace nan, jikin rijiyar nan, ya ce in zuba siminti, suka wuce gaba. Kin ba ni ruwa na sha. Sai na..."

"Sai ka tumɓuke shi ka kai bayan gida, taku talatin."

Ya juyo ya dube ta.

"Da digar wa ka haƙa ramin?" ta ce, tana matse riga. "Ni na ara maka. Kana tsammani kyanka na aura?"

Bai samu ya yi dariya ba, aka yi sallama. Injiniyar ce, tana neman izinin shiga. Ta gaishe su har ƙasa, ta bi allon hannunta a hankali, ta zo ta kafa sandar a jikin rijiya. Na'urar ta yi ƙara sau biyu.

"Baba, an ce kai ka dasa turakun yankin nan."

"Ni ne, 'yata."

"Aikinka ya yi kyau. Ɗari huɗu da shida daidai, ɗari huɗu da takwas daidai. Na bakwai ne kaɗai ya yi ƙafa ya tafi yawo."

"Ita wannan abar taki, wa take tambaya?"

"Tauraron ɗan'adam, Baba."

"Ba ta tambayar mutanen ƙasa ke nan." Ya nuna mata wajen filin da hannu. "'Yata, ga fili can a share, ko kaza ba za a taka ba. A bi ta can mana."

Ta sunkuyar da kai. "An riga an gina gada biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, suna kallon juna ta kan layin nan. Gada ba ta matsawa, Baba. Yau alama kawai za mu saka. Sauran ba a hannuna yake ba."

Da suka fito, rabin unguwa na ƙofar gida. Tela ya taho da tef a wuya, yana dariya.

"Yaran zamani! Ga na'ura a hannu, ga ɓatan hanya. Baba, kama hannunta ka kai ta wajen turke."

"Ni fa jiya na gama rufin ɗakin sama," in ji direban tanka. "Ranki ya daɗe, wannan tsohon da kike gani, shi ya auna garin nan tun ba a haifi babanki ba."

Leburan ya ajiye bokiti, ya tsoma buroshi, yana jiran umarni. Baba ya dubi yadda ya riƙe shi.

"Ba haka ake yi ba, zai zuba maka a hannu. Kawo."

Mutane suka matsa suna murmushi, sun ɗauka filin zai nufa. Baba ya juya ga bangon gidansa. Ya ja jan layi daga sama zuwa ƙasa, ya gicciya masa wani, hannunsa ko gezau, kamar yadda ya yi wa ƙauye goma sha ɗaya.

Tela ya daina dariya.

"Baba... turken fa? Ba kai ka ce..."

"Ni na matsar da shi. Tun kafin ka sayi keken ɗinkinka."

Wata mata ta ja ɗiyarta ta koma gida da sauri. Direban ya ɗaga kai yana kallon sabon kwanon rufinsa, ya daɗe bai sauke ba. Leburan ya karɓi buroshinsa, ya ɗauki bokiti, ya matsa ƙofar tela. Daga can bakin gadar gabas ana jin gurnanin inji, ya ɗauke, ya sake tashi.

Tsohuwa ta fito da hannu duk kumfa, ta kama bencin ƙofar gida ta ja shi ciki.