Idon da Ya Rage wa Mai Agogo

Duk wanda ya saba shiga kasuwa ta ƙofar masu takalma ya san Mai Agogo. Wurin aikinsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, da tebur mai gilashi, da benci wanda mutum biyu ba sa zama a kai sai sun matsu. A nan ya shigo yana saurayi, a nan furfura ta same shi. Idonsa na hagu ya mutu tun yana koyon aiki, ranar da wani siririn ƙarfe ya ɓalle daga cikin agogon bango ya soke shi. Da na dama ya aurar da 'ya'yansa, kuma da shi yake ciyar da matarsa da jikoki biyu marayu da aka bar musu.

Amma mutane ba su cika tuna ido ɗaya gare shi ba, da goshi aka san shi. Tabon sujada ne a wurin, baƙi wuluk, faɗin babban yatsa. Rigarsa kullum fara ƙal, ta sha guga. Kafin ladan ya rufe baki ya kulle teburinsa, kuma wurinsa a sahun farko, dama da liman, ba mai tsayawa. Mutane kan ce, kai agogonka wurin mai tabon nan, ba ya cire maka kayan ciki ya sa maka na banza. Gaskiya ne, bai taɓa yi ba. Sai dai yana son a faɗa. In baƙo ya tsaya a gaban teburinsa, yakan ɗan tura hularsa baya.

Yana da aboki tun na ƙuruciya, tsohon direban babbar mota da ciwon baya ya sauke daga aiki. Direba a kan kujerar roba yake salla, can ƙarshen sahu jikin bango. Ba ranar da Mai Agogo ba ya tsokanarsa a bakin ƙofa, wajen neman takalma.

"Manaja, an tashi daga ofis ke nan? Gobe a kawo maka tebur da fanka?"

"Ci gaba dai, Agogo," in ji Direba. "Ƙarfe ma kana gani yana lalacewa a hannunka, balle jikin mutum."

"Ni dai ranar da goshina ya daina taɓa ƙasa, a auna mini likkafani."

Ana nan sai yanar ido ta fara rufe masa na dama. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce fitila ce ba ta da haske, ya sayi babba. Ƙananan kusoshi suka riƙa kuɓucewa daga bakin hantsakinsa, yana lalubensu da tafin hannu in ba kowa a wurin. Asiri ya tonu ne wata safiya da ya tsiyaya shayi a gefen kofi, yana ci gaba da zubawa, matarsa na kallo. Ta ɗauko mayafinta da takalmansa.

Aka yi masa aiki a asibiti, aka cire yanar. Likitar yarinya ce, ba ta kai 'yarsa ta fari ba.

"Baba, aiki ya yi kyau," ta ce. "Amma jijiyoyin idonka sun yi laushi, kuma ba ka da na canji. Kada ka sunkuya, kada ka ɗauki abu mai nauyi. Goshinka kada ya taɓa ƙasa sai ranar da na ce."

"Salla fa, 'yata?"

"A zaune, ka ɗan rusunar da kai. Tambayi malamanku, za su gaya maka ya halatta."

Ya san ya halatta, ba sai ya tambayi kowa ba. Ba nan gizo yake saƙar ba.

Kwanakin farko duniya ta dawo masa sabuwa. Ya ga tsagar bangon ɗakinsu, ya ga zaren tabarma ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi matarsa ya ce, "Ashe haka kika tsufa?" Ta ce, "Ka gode wa Allah ni ba a wanke mini nawa idon ba." Sai dai in lokacin salla ya yi, yakan sa ta tura ƙyaure ta sa sakata, sannan ya zauna a bakin gado ya yi sallarsa. Wanda duk ya zo gaisuwa a lokacin, a ce masa yana barci.

Ran nan wani maƙwabcinsu mai sayar da katifa ya shigo duba shi. Mutumin ba mugu ba ne, baki ne da shi. Cikin hira ya ce, "Ai wurinka wani saurayi ya gaje shi, gemu har ƙirji. Jiya ma na ji wani yana cewa, mutumin da ke yawo a tsakar gida da ƙafarsa, me ya hana shi masallaci? Na ce ku dai bari, ba ku san ciwon ba."

Maƙwabcin ya tafi. Da aka kira la'asar Mai Agogo ya miƙe, ya sa farar rigarsa. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ina zuwa?"

"Inda aka yi kira."

"To tafi da kujera."

"Ni?"

"Ko ka zauna a ƙasa. Ka dai ji abin da yarinyar nan ta ce."

"Na san yadda zan yi. Ba ni hanya."

"In idon nan ya tafi, me zan dafa wa yaran nan? Goshinka?"

Ya raɓa ta gefenta ya wuce.

A masallaci aka yi ta yi masa barka, saurayin mai gemu ya ja da baya ya ba shi wurinsa. Niyyarsa tun daga hanya ita ce in an zo sujada ya zauna a hankali, ya ɗan sunkuyar da kai, shi ke nan. Liman ya yi kabbara, sahu gaba ɗaya ya tafi ƙasa. Shi kaɗai ya rage a sama. Ya ji ƙeyarsa ta ɗau zafi kamar duk garin na kallonsa. Ta wutsiyar ido ya hango Direba a kan kujerarsa jikin bango. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe da kansu, goshinsa ya sauka a inda ya saba sauka. Sai daga baya ya tuna cewa a wannan lokacin kowa fuskarsa na ƙasa, ba mai ganin kowa.

Ya yi raka'a ta farko bai ji komai ba, ya ce ashe tsoratarwa ce irin ta likitoci. Ya yi ta biyu. A raka'a ta uku ya ji kamar an fizgi zare a can cikin idon. Da ya ɗago, wani jan abu ya sauko masa daga sama kamar labule. Da aka sallame bai ga liman ba, bai ga ƙofa ba. Mutane suka watse suna gaishe shi, yana amsawa, yana nan zaune. Direba ne ya lura. Ya jawo ƙafa ya zo ya tsaya a kansa.

"Agogo, tashi mana."

"Nemo mini takalmana," ya ce a hankali. "Kada ka ɗaga murya."

Direba, da bayansa mai ciwo, shi ya tare mota, ya biya ta gidan Mai Agogo aka ɗauki matarsa, suka kai shi asibiti. Likitar ta daɗe tana haska idon. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi.

"Jini ya zuba a ciki," ta ce. "Zan rufe shi, mu jira ya kwanta. Zai iya washewa, zai iya ƙi."

Ya koma gida da auduga da filasta a ido ɗaya, ɗayan kuwa dama a rufe yake. Bai taɓa sanin duhu irin wannan ba. Matarsa ta kwaso agogunan mutane daga kasuwa cikin jaka ta rataye a bango, suna ta bugawa a kansa, kowane da nasa saurin. Masu su suka riƙa zuwa suna karɓa ba a gyara ba, ƙarar tana raguwa yana ji. Yana jin yadda ludayi ke kankare gindin tukunya, yana jin tana ce wa jikokin ita ta riga ta ci. Ko kuka an hana shi, an ce yana ƙara wa idon nauyi. Sai ya riƙe bakin gado da hannu biyu har abin ya wuce.

Wata rana da hantsi matarsa tana ɗiga masa magani, ta ce, "Malam, in tambaye ka? Me ka roƙa a sujadar nan, da ya fi idonka?"

Ya nema a ransa, ya sake nema.

"Ban roƙi komai ba," ya ce. "Ko tasbihi ɗaya ban yi ba. Ina ta tunanin wa ya gan ni."

Ta mayar da audugar, ta manna filasta, ta danna gefensa da yatsa a hankali. Da azahar ta yi, ta miƙa hannu za ta tura ƙyaure, ya ji ƙararsa ya ce ta bar shi a buɗe, ɗakin ya yi zafi.

Direba ya soma zuwa kullum da kujerarsa. Su biyu suke jam'i a ɗakin, ɗaya a bakin gado, ɗaya a kan roba.

"Ja mu, Agogo."

"A'a, kai za ka ja. Ka riga ni kama aiki a ofishin."

Direba ya yi dariya har bayansa ya amsa. Shi kuwa Mai Agogo, a sallolin nan na zaune, ya sami kansa yana roƙo kamar mai nutsewa a ruwa. Ya Allah, ko rabin idon ne. Ko na ganin kusa kawai. Ba don ni ba, don yaran nan.

Ranar komawa asibiti shi da matarsa suka zauna a benci suna jiran layi. Ta bayan labule yana jin likitar tana gwada waɗanda suka riga shi. Yatsu nawa? Biyu. Madalla. Wani ya shiga, yatsu nawa? Biyu. Ya lura kusan kullum da biyu take farawa. In ya ce biyu, wataƙila ta sallame shi, ya koma teburinsa ya zauna, ko da lalube ne, kasuwa ba ta san komai ba.

Aka kira shi. Ta ɓare filastar a hankali, ta goge gefen idon. Haske ya shigo, ja-ja, kamar rana ta bayan tsumma. A tsakiyarsa wani baƙin abu yana motsi.

"Baba, yatsu nawa?"

Ya ji numfashin matarsa a bayansa. Kalmar tana kan harshensa.

"'Yata, hannun dai ina jin na gan shi," ya ce. "Yatsu ban ga ko ɗaya ba."

Ta sauke hannun. Ta ce jinin bai gama kwanciya ba, za a ƙara jira, in bai washe ba sai a sake shiga da wuƙa, kuma ba za ta yi masa alkawarin komai ba. Ya ce ya ji. Ta sake rufe idon.

A bakin ƙofar asibitin matarsa ta ce ya tsaya ta nemo mota, kada su bi ta cikin kasuwa mutane su gan shi haka. Ya ce a bar motar, abin da za a ba mai mota a sayi abin dafawa da shi. Ya miƙa hannu yana lalube har ya sami kafaɗarta.

"Mu je," ya ce. "In an zo kwata ki faɗa mini."